Aron Keken Da Na Hana Kakana

Daga Allah muke, kuma gare Shi kowa zai koma. Kakana na wajen uba ya koma ranar wata Alhamis da hantsi, ana tsuga ruwan nan na Fatakwal da ba ya sallama kafin ya shigo. Ya fi shekara arba'in yana gyaran keke a wata 'yar rumfa a Mile One, har ta kai awakin unguwar ma sun san ƙarar famfonsa.

Gwaggona ta Anacha tun a tasha ta fara kuka, motar ma ba ta cika ba. Waɗanda suka zo tare da ita sun rantse har kwandasta sai da ya share hawaye. Baffana mai sayar da albasa a Kasuwar Artisan ta Inugu bai yi kuka ba. Rumfar ya shiga ya zauna, ya jera sifanun Tsoho, wato kakan namu, daga ƙarami zuwa babba, ya dube su, sai ya sake watsa su, don Tsoho bai taɓa jera su ba a rayuwarsa.

Masu turin baro suka zo har tabarmi suka ƙare. Ɗaya daga cikinsu ya ce wa babana, "Alhaji, satina ɗaya a garin nan tayata ta fashe. Ya yi min faci, na miƙa masa abin da ke hannuna, ya ce baƙo ba ya biyan faci sai ya koyi shan garin rogo."

Ranar sadakar uku ta faɗo Asabar, sai ga 'yan ƙungiyar tseren keke, su goma sha wani abu, kai tsaye daga hanya, cikin gajerun wandunan nan nasu masu kama jiki kamar an shafa musu fenti. Liman ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi. Baffa ya ruga cikin gida ya kwaso zannuwan Kaka, matar Tsoho, aka ɗaura wa kowa. Haka manyan mutane suka zauna cikin atamfa kamar 'yan rakiyar amarya. Shugabansu, wani likita Ibo da muke kira Dokta, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baba dey hear gear like say na heart." Wato Tsoho yana sauraron giya yadda likita ke sauraron zuciya.

A wajenmu idan tsoho ya cika da shekaru, jikoki ba sa zaman jugum. Wasa suke yi, su kwaikwayi mamacin, su tare ƙofa sai an ba su gumba. Ɗan baffana ya kafa hular Tsoho yana tafiya a karkace. Amma kowa ni yake kallo, don duk cikin jikoki ni ne shaiɗanin. Shekarata goma sha shida, kuma aƙalla goma daga ciki na kashe su ne wajen tsokanar mutumin nan. Kaka tana cikin takaba, ta leƙo ta labule ta ce, "Maigidana, abokin takararka ya gudu ya bar maka fili. Ba za ka ce komai ba?"

Na tashi na bar wurin.

Ga dalili. Sati uku kafin ya rasu, Tsoho ya roƙe ni aron keke, na hana shi a gaban jama'a. Duk wanda na gaya wa sai ya ce ai wasan jika ne, ba komai. Ni kuwa tun ranar da aka binne shi mutum ɗaya nake nema, wanda zai dube ni ya ce na yi laifi.

Amma bari in fara gaya muku wane ne shi, kada laifina ya rufe shi.

Dogo ne siriri, in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Hannayensa baƙin mai ya zauna a cikinsu, ko ranar Sallah ba ya fita. A garin da in ka ce keke kowa mai ƙafa uku yake nufi, Tsoho bai taɓa shiga ɗaya ba. Yakan ce, "Keke ƙafa biyu gare shi. Abin da ya kai uku murhu ne, kuma ni ba tukunya ba ce." Kaka takan ce taurin kai ne kawai, wai ko lahira aka ce a mai ƙafa uku za a je, zai ce a ba shi kwatance.

Aikinsa ya fara ne da kekunan mahauta masu ɗaukar nama, da na masu burodi. Daga baya kekunan tsere suka shigo gari, masu siraran tayoyi da kai a lanƙwashe, sai ya zama babu wanda ya kai shi iya saita giyarsu. Ga wanda bai sani ba, giyar irin wannan keke da waya take aiki. Ka tura hannun giyar da yatsunka, ya ja wata siririyar wayar ƙarfe, ita kuma ta ɗaga kaca ta sauya mata mazauni. Ruwan Fatakwal yana sa wayar tsatsa, amfani yana sa ta saki, sai giya ta fara gardama. Nan ne Tsoho yake sarki. Ya rataye keke da igiya a jikin azara, ya juya feda da hannu, ya rufe ido, ya karkata kai. A lokacin ko mai rake ba ya tallarsa. Sai ya murɗa wani ɗan kusa kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar mai gyara wa jariri hula. Kaca ta yi shiru. Ya buɗe ido ya ce, "Ta yarda."

Shi ya haɗa min kekena na farko daga kayan 'yan gwangwan. Wata biyar yana tsince-tsince. Gangar jikin shuɗiya, gaban ja, sirdin kuwa ina zargin na jaki ne aka rage. Da ya miƙo min na ce, "Tsoho, wannan keke ne ko haɗarin mota?"

Ya ce, "Hau ka gani, malalaci. In ka faɗi ka mutu na huta da mai yi wa matata zarya."

Da haɗarin motar nan na zo na biyu a tseren yara na ƙungiyar su Dokta. Tsoho yana bakin hanya, ya yi ihu har hularsa ta faɗa kwata. Da na sauka ya ce, "Na biyu? Keken ne ya yi ƙoƙari, da shi kaɗai aka saka da ya zo na ɗaya."

A ranar Dokta ya ba ni tsohon kekensa kyauta, kuma a ranar rigimarmu ta samo asali. Keken ba shi da wayar giya ko ɗaya. Wani ɗan maɓalli ne a bayan hannun birki, ka taɓa shi da kan yatsa, sai wani ɗan inji ya ce zit, kaca ta koma inda kake so. Batir gare shi, ana yi masa caji kamar salula. Ba ya tsatsa, ba ya saki, ba ya gardama. In ma ya buƙaci saiti, da salula ake yi. Birkinsa kuma yatsa ɗaya ya ishe shi.

Tsoho ya zagaya shi sau uku, hannu a baya, kamar mai tayin sa a kara. Ya ce, "Me yake ci?"

"Wuta."

"To, mun shiga uku. Mu da muke neman wutar guga, ga wani baki ya ƙaru."

Daga nan ya sa masa suna Mayunwaci. Yakan ce wa 'yan majalisarsa, "Waya ba ta yaudara. In za ta tsinke sai ta yi wata guda tana gaya maka. Batir kuwa munafuki ne, ya yi maka dariya da safe, da rana ya mutu bai bar wasiyya ba." Ni kuma in ce, "Tsoho, zamaninka ya wuce. Ku da waya duk gidan tarihi za a kai ku, a rubuta kada a taɓa." Ana ta dariya. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, 'yan ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya suna komawa irin kekena. Suna zuwa gaishe shi, suna kawo faci, amma igiyar azara takan yini ba a rataya mata komai ba.

Sai ranar da Allah ya ba shi sa'a a kaina. Wata Asabar mun yi nisa a hanyar filin jirgi, na sa giya mafi nauyi ina burga a gangaren gada, na taɓa maɓalli don in sassauta, shiru. Na sake taɓawa, shiru. Na gaya wa kowa an ɗauke wuta ne kwana uku. Gaskiyar ita ce na manta ban yi caji ba. Haka na tuƙo keken nan har gida kamar mai jan tirela da ƙafa. Na iso bayan azahar, cinyoyina sun zama dafaffiyar taliya, harshena yana gaishe da kan keke.

Tsoho ya dube ni, ya dubi keken. Ya shiga gida ya fito da kwanon tuwo da miya, ya ajiye a gaban tayar, ya ce, "Bismillah, bawan Allah. Marainin wayonka bai ba ka abinci ba." Sati guda cur duk wanda ya zo rumfa sai ya kai shi ya yi wa keken sannu. Har Liman sai da ya tsaya ya ce, "Ya mai jiki?" Na yi dariya tare da su, amma a raina na ce, Tsoho, zan rama, ko da a gadon asibiti ne.

Yana da amini guda, wani tsohon mahauci a unguwar Trans-Amadi. Motar shanu ɗaya ta kawo su daga arewa suna samari. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Tsoho zai hau kekensa ya tafi can, su raba goro ɗaya, su yi musun wane ne babba a cikinsu, musun da suka fara tun ba a haifi babana ba. Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya kwantar da aminin, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa. Tun daga nan Tsoho bai taɓa fashin Juma'a ba, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Ranar da nake ba ku labari Juma'a ce. An sauko, majalisa ta cika a gaban rumfa, ina goge Mayunwaci. Tsoho ya matso kusa da ni, hannunsa na dama cikin aljihu. Ya kira ni da sunana na yanka. Bai taɓa yi ba. Kullum malalaci ne, ko ɗan nema, ko ɓarawon mata. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ara min abin nan naka in je Trans-Amadi in dawo."

Wallahi ji na yi kamar an ce ga Sallah ta dawo. Na yi tsalle na hau benci.

"Jama'a! Ku matso ku ji abin da kunnena ya ji! Sarkin waya yana roƙon batir!"

Majalisa ta kaure. Wani ya ce, "A'a, Baba, da gaske?" Wani ya ce, "Yau ga ranar jika!"

Na ce, "Zan ba ka, amma da sharaɗi uku. Ka tsaya a nan ka ce batir ya fi waya, sau uku, da ƙarfi. Ka durƙusa ka ba keken nan haƙuri kan tuwon da ka kai masa. Na uku, ka sakar min Tsohuwa."

Mutane har da riƙe ciki. Mai shayi ya zubar da madara. Tsoho ya tsaya yana kallona, kallon da a lokacin na ɗauka na wanda aka kayar ne. Shi ma ya yi dariya, amma tasa ta makara, sai da ta kowa ta kusa ƙarewa ta fito.

Ya ce, "Ka ci wannan, ɗan nema. Riƙe kayanka."

Ya shige rumfa. Ni kuwa na hau keken ina kewaya gabanta, ina taɓa maɓalli, zit, zit, zit, don ya ji da kyau.

Bai je Trans-Amadi ranar ba. Juma'ar gaba ma bai je ba, haka wadda ta biyo ta. Na ga kekensa a jingine, kacar ta fara ja, abin da bai taɓa bari ya faru ba. Me na yi? Na ce, "Tsoho ya yi ritaya, a kawo masa kujerar lilo." Ranar Alhamis ya faɗi yana alwalar walaha. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Sai bayan sadakar bakwai Kaka ta gaya min sauran. Muna zaune a tsakar gida da rana, tana tsintar shinkafa.

Ta ce, "Wata biyu hannun nan nasa ba ya jin magana. Kofi ma sai ya tallafa da hagu. Ya ce in na gaya wa babanka ya sake ni, ni da tsufana."

Na ce, "Kaka, hannun dama?"

"Shi. Juma'ar ƙarshe da ya je, a kan gadar sama ya tura abin giyar nan, yatsu suka ƙi. Keke ya tsaya masa a tsakiyar hawa, bas ta kusa bi ta kansa. Da ƙafa ya turo shi gida. Na ce ya shiga mai ƙafa uku mana, ya ce amininsa ba zai gan shi cikin murhu ba." Ta watsar da tsakuwa. "Kana makaranta yakan je ya tsuguna gaban naka. Ya taɓa, abin ya yi ƙara, ya sake taɓawa. Ya shigo yana murmushi ya ce, yaran nan sun yi dabara, ashe don irina aka yi shi. Ya ce kada in kuskura in gaya maka, kanka zai fashe."

Na gaya mata abin da na yi a kan benci, ban rage komai ba. Ta ce, "Haba Maigidana. Ai wasanku ne. Shi ma me bai yi maka ba?" Na je wajen babana, ya ce kwana ne ya ƙare, in daina wahalar da kaina. Na tare Liman, ya ce tsakanin kaka da jika babu hisabi a kan raha. Kowa ya wanke ni tas. Ban taɓa jin datti irin na wankin nan ba.

Juma'ar da ta zagayo na hau Mayunwaci na nufi Trans-Amadi. Ban taɓa zuwa gidan ba, sai da na yi tambaya wajen mahauta. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani shagon ƙanƙara. Aminin yana kwance a katifa, ƙato ne har yanzu daga ƙirji zuwa sama, ƙafafun kuwa an lulluɓe su da zane. Bai samu zuwa jana'iza ba, babu mai iya ɗaukarsa cikin ruwan nan.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Kai ne ɓarawon matan? Ya haƙuri?"

"Da godiya, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Ya tafi bai yarda ni ne babba ba." Ya gyara kwanciya. "Juma'a uku ina sa a jawo ni bakin ƙofa. In raba goro, rabinsa ya bushe a hannuna. Na ce ko na yi masa wani abu ne. Na aika yaro, ya ce a gaya min keke ne ba lafiya. Shi da yake warkar da na mutane."

Nan na gaya masa. Hannun, gadar, bencin, sharaɗi uku, har zagayen da na yi a gaban rumfa. Ban sa dariya a ciki ba, karo na farko a rayuwata da na ba da labari ban ƙara gishiri ba. Yana saurare, idonsa a kan rufi.

Ya ce, "Shigo min da keken."

Na shigo da shi, na jingina a bakin katifa. Ya ce in nuna masa wurin. Ya miƙa yatsa ɗaya, yatsan da wuƙa ta cinye rabin farcensa, ya taɓa. Zit.

"Iyakar abin ke nan?"

"Iyakarsa ke nan, Baba."

"A kan wannan na yi Juma'a uku a bakin ƙofa?"

Na jira ya ce wasan jika ne, don in tashi in tafi kamar yadda na tashi daga gaban kowa.

Ya ce, "Yaro, dube ni. Wasa yana da ido. Mutumin da ya kira ka gefe ya rage murya ba wasa ya zo yi ba. Ka yi laifi. Ka cuce shi, ka cuce ni."

Kukan da ban yi a maƙabarta ba, a ɗakin nan na yi shi, har mai ƙanƙara ya leƙo. Tsohon bai rarrashe ni ba. Ya bar ni sai da na gaji don kaina, sannan ya turo min butar ruwa da bayan hannu.

Ya ce, "Shi ma yana da nasa. Da ya buɗe baki ya ce hannuna ya mutu, da ko kai jaki ne ka ba shi. Kanku ɗaya, kamar an fasa dutse biyu. Wanke fuskarka."

Na wanke. Na ce, "Baba, ka yafe min."

"Nawa na yafe, duniya da lahira. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba, kuma kada ka bari kowa ya ce maka yana hannunsa. Ka yi ta roƙa masa gafara har ranar da za ku haɗu, sai ka tambaye shi da bakinka. Amma ka ja shi gefe. Ka rage murya."

Ya Allah, ga Tsoho nan ya zo gare Ka da hannayensa masu baƙin mai. Ka yafe masa taurin kansa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ka sa ya huta. Ni kuma Ka ba ni tsawon rai gwargwadon abin da zai ishe ni in yi hankali kafin in je gabansa. Wanda duk ya karanta wannan, ya taya ni da amin.